Matar da ta fitar da mamaci daga ƙirjin mahaifina

Kowace safiya, kafin masu shara su gama da barandar kamfanin, wata mace takan sauko daga bas da jaka a hannu da rigar sanyi a kafaɗa, ko da kuwa gari ya tashi da zafi. Ba ta hawa sama inda ofisoshi masu labule suke. Takan gaida mai gadi, ta tambaye shi yadda ƙafarsa ta kwana, sannan ta bi matakalar da ke gangarawa ƙasa. A ƙarshen matakalar akwai ƙofar ƙarfe. Bayan ƙofar akwai ɗaki mara taga, mai sanyi kamar cikin firji, cike da kwamfutocin da aka cire wa murfi, wayoyinsu a waje, ƙananan fitilunsu kore da ja suna ta ƙifta ido. Ba ka jin komai sai gurnanin fankoki. A nan ta wuni, shekara da shekaru, har gashinta ya yi fari. A wannan makon za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce ba zan bari ta fita ta ƙofar nan shiru kamar yadda take shiga ba.

'Yan ofis suna kiranta Anti In-babu. Kamfaninsu shi ke kula da kwamfutocin da ke cikin manyan injuna, irin na asibitoci da tashoshi, kuma ita aikinta yana can ƙarƙashin na kowa. Na daɗe ban gane shi ba, sai da ta zaunar da ni ta yi mini dalla-dalla. A cikin kowace kwamfuta, in ji ta, akwai wata manhaja da ke ƙasan komai, masu sana'ar suna ce mata kanel. Ita ce mai rabon wuri. Duk na'urar da aka jona wa kwamfuta, kyamara ce ko lasifika ko injin hoton asibiti, in ta ɗauko abu za ta sauke, sai an roƙar mata wuri a memori, wato ma'ajin da kwamfuta ke aiki a cikinsa, kanel ta shata mata, ta ba ta adireshi. Mai yin roƙon wata 'yar manhaja ce da ake kira direba, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Yawanci ana roƙa ana samu, har masu rubuta direbobi su manta cewa ana iya hanawa. Amma wata rana memori kan cika, kanel ta ce babu. Abin da zai faru daga wannan kalmar, shi ne aikin Anti.

Saboda haka ba ta jiran ranar ta zo da kanta. Tana ajiye jaka sai ta fara hana injunan nan wuri da gangan. Ta sa kanel ta ce babu a roƙo na farko, ta zuba ido. Ta sake kunnawa, ta sa ta ce babu a roƙo na gaba. Wata kwamfutar ta daskare da rabin kalma a allo. Wata ta mutu nan take. Wadda ta fi ba ta tsoro ita ce wadda za ta ci gaba da aiki lafiya lau kamar ba a ce mata komai ba. Duk wanda ya kawo mata sabon aiki yana murna ya gama, tambayarta ɗaya ce: “To, in babu fa?” Daga nan sunan ya bi ta. Mijinta, wani malamin makaranta mai son barkwanci, ya taɓa ce mini ko ruwa zai zuba a kofi sai ya duba gindin kofin tukuna, don zama da ita ya ɓata shi.

Mai gadi yana da nasa labarin. Wata ranar hutu da tsakar rana, ba kowa a ginin sai shi, ya ji dariya tana fitowa daga ɗakin ƙasa. Ya sauka ya tarar da ƙofar a kulle kamar yadda aka bar ta. Ya kara kunne. Dariyar ta sake tashi, gajeriya, ta yanke a tsakiya, ta sake tashi. Ya san mai dariyar sarai: wani ma'aikaci ne da ya bar aiki ya ƙaura wani gari. Ya haura ya zauna a bakin titi har aka zo canjinsa. Da Anti ta dawo ta bincika, sai ta gano wata na'urar sauti ce da ta bari a kan gwaji. An hana ta wuri, direbanta bai duba amsa ba, sai ya riƙa miƙa wa lasifika tsohon abin da ya rage a ma'ajinsa, wato guntuwar dariyar mutumin nan tun ranar da ya yi bankwana a ɗakin. Ta yi wa mai gadi bayani a tsanake. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Na ji, Anti, kuma na yarda. Amma ni da matakalar nan sai dai gaisuwa daga nesa.”

Ni ban san da ita ba a lokacin. Rashin lafiyar mahaifina ce ta haɗa mu.

Baba kafinta ne. Tari ya kama shi ya ƙi saki, har muka lallaɓa shi zuwa babban asibiti. Aka tura shi ɗakin hoto, inda ake kwantar da mutum a kan wani siririn gado a zura shi cikin ƙaton zobe, injin ya ɗauki hoton cikinsa yanka-yanka kamar burodi. Bayan 'yan kwanaki Likita ya kira mu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Ya juyo mana da allo, ya nuna wani farin dunƙule kamar lemun tsami a huhun dama. Ya ce ƙari ne, kuma bai ga alamar mai sauƙi ba ne, sai an buɗe ƙirjin an cire shi tare da wani sashe na huhun. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa a shekarun Baba aikin yana da haɗari.

Baba ya miƙe muka fito. Da muka koma gida ya kulle shago ya miƙa wa ƙaninsa makulli. Ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har da waɗanda ban taɓa jin sun saɓa ba. Inna kuwa ta daina cin abincin kirki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya fara tafiya dafe da haƙarƙarinsa na dama, wurin da bai taɓa kuka da shi ba kafin ya ga hoton. Aka ba shi gado a asibiti, aka sa ranar tiyata.

Wadda ta fara ganin akwai matsala ita ce Mai Hoto, matar da ke sarrafa injin. Ta daɗe a ɗakin, ta ga ƙirjin mutane ba adadi. Wata rana layi ya yi tsawo har waje, injin bai huta ba tun safe, aka kawo wata matashiya mai jiki da ta faɗo daga babur. Mai Hoto tana bin hotunan a allo ɗaya bayan ɗaya, sai a tsakiyar ƙirjin jikin ya tsuke. Kitse ya ɓace. Haƙarƙarin da ke gabanta na wani tsoho ne ramamme, ɗaya daga cikinsu da tabon tsohuwar karaya, ga kuma farin dunƙule a huhun dama. Hotuna kaɗan a haka, sai jikin matashiyar ya dawo. Ta ɗaga kai ta leƙa ta gilashi. Matashiyar ce kwance a zoben, ita kaɗai, tana motsa yatsun ƙafa.

Mai Hoto ta gaya mini daga baya cewa nan take ta gane ƙirjin. Na wani tsoho ne mai gyaran agogo da aka ɗauka watannin baya. Ta tuna shi don ya yi mata wasa yana hawa gadon, ya ce, “'Yata, ki ɗauke ni da kyau, ban taɓa yin hoto mai tsada haka ba.” Bai yi mako a ɗakin majinyata na sama ba ya rasu. Sai kuma ta tuna ta ƙara ganin dunƙulen nan kwanan nan a wani tsohon. Ta nemo hoton mai agogo, ta nemo na Baba, ta jera su da na matashiyar, ta kira Likita.

Likita ya daɗe a tsaye yana kallo. Dunƙule ɗaya, wuri ɗaya, karaya ɗaya. A jikin matashiyar abin ya fito fili. A jikin Baba kuwa ya zauna daram, saboda shi ma tsoho ne ramamme, ɗan bambancin da ke akwai kowa zai ɗauka numfashi ya ja ana ɗauka. Likita ya ce, “Ƙari ba ya haihuwar tagwaye a jikin mutane daban-daban.” Ya ɗauki waya ya dakatar da tiyatar Baba, wadda saura kwana biyu.

Ya kira ni ya faɗa mini abin da ya sani da abin da bai sani ba. Na ce to a sake hoton mana. Ya ce a wane injin? Wannan ba a yarda da shi ba yanzu, wanda ke ɗaya asibitin kuma irinsa ne, masana'anta ɗaya. Muddin ba a san ta inda mamacin ke shigowa ba, babu hoton da zai iya dogara da shi ya yanka mutum, ko ya sallame shi.

Magana ba ta ɓuya a asibiti. Kafin azahar masu shara sun ƙi shiga ɗakin. Layin da ke baranda ya watse, wasu da takardunsu a hannu suka juya gida. Wani ya ce ya ga gadon yana shiga zoben ba kowa a kai. Wata ta ce tsohon bai yafe wa asibitin ba ne. Na wuce ta ƙofar da rana tsaka, fitilu a kunne, ba kowa, farin zoben nan yana tsaye a tsakiyar ɗaki yana gurnani a hankali. Ni da nake ganin kaina mai ilimi sai da na ƙara sauri.

Manajan sashen ya ce a kashe injin a kunna, komai zai wanke. Ba don sakaci ya faɗa ba. Akwai masu rauni a ka da ake juyawa daga ƙofa, kuma kowane jinkiri yana iya zama ran wani. Amma kafin a taɓa, ya buga wa kamfanin su Anti waya, aka haɗa shi da ɗakin ƙasa. Mai Hoto tana kusa, ta ji muryar mace ta cikin wayar tana cewa, “Don Allah kada kowa ya taɓa makunnin. Ga ni nan tafe.”

Ina zaune a baranda lokacin da ta iso. Ba ta yi kama da wadda aka kira don gaggawa ba. Ta gaida kowa, ta saka rigar sanyinta, ta saurari Mai Hoto ba tare da ta katse ta ba. Manaja ya ce, “Injiniya, mutane na jira. Me zai hana mu kashe mu kunna, ki yi bincikenki daga baya?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, in muka kashe, wannan tsohon zai tafi, gaskiya ne. Amma ƙofar da ya shigo tana nan a buɗe. Wata rana wani ne zai shigo, kuma mai yiwuwa babu wanda zai gane shi. Ka ba ni zuwa la'asar. Masu gaggawa a kai su ɗaya asibitin, a gaya musu su kashe nasu su kunna, kuma kada su bari aiki ya taru masa.”

Manaja ya dubi Likita. Likita ya gyaɗa kai.

Abin da ta nema ya ba kowa mamaki. Ta ce a ciko mata jarkar roba da ruwan famfo. Aka kawo, ta kwantar da ita a kan gadon kamar majinyaci, har ta gyara mata zama. Ta jona 'yar kwamfutarta a bayan injin, ta ce wa Mai Hoto ta ɗauka. Likita ya yafito ni, ya ce tunda maganar mahaifina ce in tsaya daga bakin ƙofa. Gadon ya shiga, injin ya yi kukansa, hotuna suka fito: ruwa, toka-toka, ba komai a ciki. Ta ce a sake. Aka sake. Tana ta cika memorin da tarkace daga kwamfutarta, tana matse injin kaɗan-kaɗan, ana ta ɗaukar hoton ruwa. Har Manaja ya fara duba agogonsa, ni ma ƙafata ta gaji.

Sai a wani zagayen, ruwa, ruwa, ruwa, sannan haƙarƙari. Huhu biyu. Farin dunƙule a dama. Tabon karaya. Hotuna kaɗan, sai ruwa ya dawo.

Dukanmu muka juya muka kalli gilashi. Jarka ce kwance a zoben, shuɗiya, da ɗigon ruwa yana gangarowa a gefenta. A saman allon kuwa ga sunan da Mai Hoto ta rubuta da wasa, “Jarka”, ga ƙirjin mutumin da aka binne tun watannin baya a ƙarƙashinsa. Mai Hoto ta fara salati ƙasa-ƙasa. Na dubi Anti. Fuskarta ba ta sauya ba, amma na ga ta cusa hannuwanta cikin aljihun rigar sanyi ta daɗe ba ta fito da su ba. Shekaru bayan haka na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta ce, “Na ji mana. Sanin dalili ba ya hana tsikar jiki tashi.”

Ta zauna ta bi sawun abin a cikin rubutun direban, layi bayan layi, har ta sa yatsa a wuri ɗaya. Sannan ta juyo ta yi mana bayani da harshen da har ni na gane. Direban yana da farantai da yake tarar hotuna da su. Akwai na ƙarshe, wanda ba a ɗaukowa sai ranar da aiki ya yi yawa. Rabon da farantin nan ya samu wuri tun ranar da aka ɗauki mai agogo. Daga nan ba a taɓa kashe injin ba, memori ya cunkushe, duk lokacin da aka roƙar wa farantin adireshi kanel sai ta ce babu. Direban kuma ba ya duba amsar. Sai ya ce wa injin ya sauke, injin ya sauke a inda ba wuri, hoton mai rai ya zube a banza, direban ya ɗauki farantin da abin da ke kansa tun da can, ya manna sunan wanda ke kwance, ya miƙa.

Manaja ya tambaya wane ne ya rubuta wannan aika-aika. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta jin mugu ne. Wataƙila a zamaninsa bai taɓa ganin memori ya cika ba, sai ya ɗauka ba ya cika.

Gyaran bai kai tsawon tafin hannu a allo ba, amma ta ɗauki lokaci a kansa kamar mai ɗinkin ido. Ba duba amsar kaɗai ba ne, in ji ta. In aka ce maka babu a tsakiyar hanya, sai ka mayar da duk abin da ka riga ka karɓa, daga na ƙarshe zuwa na farko, kada ka bar komai a rataye, in ba haka ba kai ne za ka jawo babu ta gaba. Sannan ka goge farantin tas. Sannan ka tsaya ka gaya wa mai aiki a fili cewa ba ka samu wuri ba, a sake.

Manaja ya ce, “Wato yanzu zai riƙa tsaya mana a tsakiyar aiki?”

Ta ce, “Wani lokaci zai tsaya. Za ku ji haushinsa. Gara haushin.”

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce kafin a kashe, akwai sauran mutane. Ta rubuta wata 'yar manhaja ta saki a cikin duk hotunan da aka ɗauka tun ranar mai agogo, tana neman ƙirjinsa. Muka zuba ido yana bayyana, nan a jikin wani direban babbar mota, can a jikin wata tsohuwa. Ba su da yawa, amma ko ɗaya ya isa. Wasu an riga an sake musu hoto don an ga bai yi kyau ba. Ɗaya kuwa har an fara ba shi magani mai ƙarfi, gashinsa ya fara zuba. Likita da kansa ya ɗauki waya ya riƙa kiransu.

Da aka zo kashe injin, Mai Hoto ta ce a bar mata. Ta tsaya a gaban allon, inda hoton ƙarshe yake a buɗe, ta ce, “Allah ya jiƙanka, Baba mai agogo. Na ɗauke ka da kyau.” Ta murɗa makunni. Gurnanin da ya cika ɗakin tsawon watanni ya sauka a hankali har ya mutu, muka ji ƙarar takalman mutane a baranda kamar daga wata duniya.

Aka kunna da sabon direba. Anti ta sake matse shi da jarkar nan har ya gaji, kuma duk lokacin da aka hana shi wuri sai ya tsaya ya rubuta a allo cewa bai samu ba. Saura Baba. Shi kuwa labari ya riga ya kai masa a gadonsa, ya ce ko da igiya ba za a mayar da shi cikin zoben nan ba. Na yi magana, Inna ta yi, ƙaninsa ya yi. Anti ta riga ta rataya jaka za ta tafi, ta ji ana maganar, ta ce in kai ta wurinsa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, “Ke ce mai injin?”

“Ni ce mai gyaransa, Baba.”

“An ce akwai mutum a ciki.”

“Ragowar hotonsa ce ta maƙale. Mun fitar da ita.”

“Da idonki kika gani, ko gaya miki aka yi?”

“Da idona. A cikin jarkar ruwa ma na gan shi.”

Baba ya shafa haƙarƙarinsa. Ya ce, “To abin da ya yi ƙarya sau ɗaya, me zai hana shi ƙarawa?”

Ta ce, “Ba zan ce maka ba zai ƙara kuskure ba har abada, don ban isa ba. Abin da na koya masa shi ne, in bai samu ba ya ce bai samu ba.”

Baba ya ɗan murmusa, karo na farko tun ranar da muka ga dunƙulen. Ya ce a sana'arsu ma wanda ya iya cewa katako bai isa ba, shi ake bar wa shago. Ya ce zai shiga, amma ta tsaya inda zai riƙa ganinta. Ta ajiye jakarta. Ta tsaya a bayan gilashi har gadon ya fito da shi.

Babu dunƙule. Babu tabon karaya. Huhun tsohon kafinta ne da ya sha ƙurar katako, Likita ya ce magani da takunkumi za su wadatar. Inna ta zauna a ƙasan baranda ta rufe fuska da mayafi. Baba ya tambayi na wane ne ƙirjin da ya yi ta ɗauka, aka ce masa wani mai gyaran agogo ne, ba a faɗi fiye da haka ba. Tun daga ranar ba ya idar da salla bai sa shi a addu'a ba, yana ce masa “abokin tarayyata”. Hannun nan da yake dafe dama da shi ya ɗauki watanni kafin ya sauka. Har yau in ɗaki ya yi tsit aka ji bugun agogon bango, sai ka ga ya dakata da magana yana saurare.

Anti, ke ce kika tsaya tsakanin wuƙa da ƙirjin mahaifina, alhali ba ki san sunansa ba. Ke ce kika koma ɗakinki mai sanyi kika tura gyaran ga masu kula da kanel na duniya, don duk inda direban nan yake a samu, kuma kika shafe shekarun da suka biyo baya kina bin sauran direbobi ɗaya-ɗaya kina neman inda aka roƙa ba a duba amsa ba. Mai shirin ranar da ba a fata. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi don ba abin da ya faru. Akwai mutanen da ke yawo a titi yau da huhunsu cikakke, akwai injunan da suka tsaya suka ce a sake maimakon su ƙaga amsa, kuma ba wanda zai taɓa sanin hannunki ne. Ni dai na sani, don na tsaya a bakin ƙofa na gani.

Abokan aikinki sun ce ba kya son yabo, kuma na san in kika karanta wannan za ki kira ni ki gyara mini wani wuri da na kwatanta ba daidai ba. Na yarda, ki gyara. Amma godiyar ba ta da gyara. Na gode, Inna ta gode, jikokin Baba da suka taso suka same shi da rai sun gode.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, da duk mai sana'ar da ran wani ke rataye a kanta, ko allura kuke riƙewa ko sifana ko allon kwamfuta, ku ɗauki wannan daga gare ta. Kada daɗin hanyar da komai ke tafiya daidai ya ɗauke muku hankali daga ɗaya hanyar. Ku bi ta da ƙafarku tun kafin wani ya faɗa cikinta. In kun tambaya ku tsaya ku ji amsa, in kuma ba ku samu ba ku faɗa da bakinku, ko da za a ji haushinku.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, Anti. Ya sa hutun nan ya karɓe ki. Yadda kika tsare bayin Allah daga sharrin da ba su ma san yana tafe ba, Allah ya tsare ki daga wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.